Ramin Kwana Casa'in a Gonar Verna

A gundumarmu ba a tambayar halin manomi, layin garmarsa ake dubawa. Ranar Lahadi in an tashi daga coci ba mai miƙewa gida. Kowa ya kwashi iyalinsa a mota, a bi titin tsakuwa a hankali ana leƙen gonakin juna. Wanda layinsa ya miƙe sak daga bakin titi har ƙarshen gona, rabin mil cur, an san ana iya ba shi amana. Wanda nasa ya karkace kuwa ba mai ce masa uffan, amma kafin Litinin har mai gidan mai ya ji labari.

Verna Rustad ta buɗe ido a gidan da ba a taɓa kushe layinsa ba. Mahaifinta, Ingvald, in ya hau tarakta sai ya kafa ido a kan wata doguwar bishiya da ke can ƙarshen gonar alkamarsu. Ba ya duban ƙasa, ba ya waiwaye, ko fasto ne ya ɗaga masa hannu daga titi ba zai amsa ba sai ya kai. Tun tana 'yar shekara tara ya ɗora ta a gefensa ya koya mata. Ya ce mai kallon gaban taya shi ke karkacewa, ta nemi abu guda mai nisa ta riƙe shi da ido.

Tana da shekara goma sha huɗu, a 1965, wasu mutum biyu daga gwamnatin tarayya suka zo gidan da taswira. Eka biyu suke so, kuma ba a gefe ba, a tsakiyar gonar, don nan ne alƙalamin masu taswira ya faɗa. Ingvald ya ba su kofi, ya saurare su, ya sa hannu. Ƙasa ce ta nema, kuma shi ba mutum ba ne mai ja-in-ja da baƙi a kan teburinsa. Aka haƙa rijiya mai zurfin gaske, aka zura makami mai linzami mai ɗauke da nukiliya, aka saita shi ga Tarayyar Sobiyet, aka rufe da murfin siminti mai nauyin giwaye da yawa. Aka kewaye wurin da waya, aka rataya allo mai cewa duk wanda ya tsallaka ana iya harbinsa, da lambar waya a ƙasa. Irinsa ɗari da hamsin aka binne a wannan ɓangare na jiharmu, Dakota ta Arewa, don haka ba wanda ya ɗauki abin wani abin labari.

Ingvald bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Baƙo yake ce masa. Daga wannan shekarar duk layin da ya biyo ta tsakiyar gona dole ya kauce hagu, ya zagaye wayar Baƙo, sannan ya dawo. Masu yawon Lahadi sun san ba laifinsa ba ne, sai su kau da kai in sun zo wurin. Wannan kau da kan ya fi zagi yi masa ciwo. Verna ta lura da haka tun tana ƙarama, ta kuma riƙe a ranta.

Ba ita aka shirya wa gonar ba, an shirya ta ne don yayanta Leif. Ita makarantar horar da malamai ta tafi. Sai aka kira Leif aikin soja, aka kai shi Biyetnam, abin da ya dawo gida tuta ce a naɗe da wasiƙar ta'aziyya. Mahaifiyarsu ba ta ƙara lafiya ba daga nan. Verna ta tattara littattafanta ta dawo, ta sa takalman Leif da suka yi mata yawa, ta cusa musu tsumma, ta hau tarakta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, mu kuma ba mu tambaye ta ba, don haka muke.

A kan taraktar nan ta koyi siyasar duniya, kuma ta fi masu sharhin talabijin da yawa fahimtarta. Wata shekara aka ce Sobiyet sun yi rashin amfanin gona, sun zo sayen alkamarmu. Alkamar da ta fito a gindin wayar Baƙo ita aka loda a jirgin ƙasa, aka kai ta jirgin ruwa, aka kai wa mutanen da Baƙo ke jiran a ce ya ƙone. Verna ta kan ce da hannun dama muna ba su burodi, da na hagu muna riƙe da ashana. Bayan shekara takwas Sobiyet suka shiga Afganistan, fadar shugaban ƙasa ta sa takunkumi a kan sayar musu da hatsi. Rumbuna suka cika suka batse, aka jibge alkama a ƙasa a bayan tashar jirgi tsuntsaye na ci. A lokacin ne ta rubuta wa sanatan jiharmu wasiƙarta ta farko, shafi huɗu, ta tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ganin alkama ta kori soja daga ƙasar wani. Aka aiko mata da amsa mai ladabi wadda ba ta amsa komai ba, ita kuma ta sake rubuta wata.

Daga nan ba ta saki ba. Ta zama magatakardar ƙaramar hukumarmu, mai mutum ɗari da 'yan kai, kuma duk ranar zaɓe ita ce a kan teburin rumfa da rajista a gabanta. Ta san kowa tun yana cikin zanen goyo, amma sai ka faɗi sunanka da adireshinka da bakinka kafin ta miƙa maka takarda. In kana cikin masu zagin gwamnati a shagon kofi, ka yi addu'a kada ta shigo. Za ta tambaye ka ko ka zo taron kasafin gyaran titi na watan jiya, in ka ce a'a ta ce to kai ne gwamnatin da ba ta zuwa aiki. Wasu na ganin ta cika tsauri. Ni dai ban ga laifinta ba, gari ba ya tafiya sai da irinta guda ɗaya, biyu kuwa sun yi yawa.

Maza biyu suka nemi aurenta, ta ce musu a'a cikin mutunci. Ɗayansu maƙwabcinta ne, Orlin Bakke, ƙaton mutum mai faɗin hannu da taushin zuciya, wanda layin garmarsa ke tafiya kamar sawun maciji a rairayi. Ya auri wata, ya yi 'ya'ya da jikoki, amma har gobe yana cewa layinsa ne ya jawo masa. Ita kuma ta kan ce ai layin ne kawai abin da ta iya faɗa a gaban mutane. Haka suka tsufa suna tsokanar juna ta kan shinge, kuma in ƙanƙara ta toshe hanya katafilar Orlin ce ke fara buɗe ƙofar gidan Rustad kafin tasa.

Da Tarayyar Sobiyet ta zo gargara, ita da ƙasarmu suka ƙulla yarjejeniyar rage makamai. Verna ta aika aka kawo mata kwafin, ta karanta shi da fensir a hannu kamar mai duba jarrabawa. Shekaru suka shuɗe, sannan wata rana wata doguwar mota ta zo ta zare Baƙo daga rijiyarsa ta tafi da shi. Saura rijiyar. A watan Yunin shekarar 2000 aka zo da nakiya aka fasa ta, ƙasa ta girgiza har kofuna suka yi ƙara a kicin. Masu aikin suka kwance wayar gefe guda don injinansu su shiga, suka bar wani wawakeken rami, suka ja igiya a bakinsa, suka tafi.

Wadda ta zo yi musu bayani wata soja ce, Kyaftin Yolanda Pruitt, 'yar jihar Alabama mai sanyin murya. Ta zauna a teburin da Ingvald ya sa hannu shekara talatin da biyar da suka wuce, ta ce ramin zai zauna a buɗe kwana casa'in. Ba don jan ƙafa ba, yarjejeniya ce ta ce haka. Taurarin ɗan adam na Rasha suna wucewa ta sama suna ɗaukar hoto, dole a ba su lokaci su gani da idonsu cewa rijiyar ta mutu. Namu ma suna can suna leƙen ramukansu. In kwana casa'in sun cika za a cike ramin, a kwashe waya, kuma ba mai hana su wucewa da tarakta ta kai.

Ingvald na da shekara tamanin da shida a lokacin, zuciyarsa ta fara gajiya, ya shekara goma rabonsa da noma. Da Kyaftin ta tafi ya dubi gonar ta taga.

Ya ce, "Layi ɗaya nake so, Verna. Daga titi zuwa ƙarshe, ba kwana."

Ta ce, "Sha takwas ga Satumba kwanakin ke cika, Baba. Ni zan ɗora ka a kan taraktar."

Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai ya karɓi kalandar kamfanin taki ya rataya kusa da kujerarsa. Kowace safiya kafin ya sha kofi sai ya soke rana guda. Verna ta san abin da likita ya gaya mata a ɓoye, ta kuma san ƙasarmu. Daga farkon Nuwamba take daskarewa, garma ba ta ƙara shiga sai Afrilu, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin Afrilu. Satumba dai ta ba su sarari, shi ya sa hankalinta ke kwance.

Ana tsakiyar girbi, a ƙarshen Agusta, numfashin tsohon ya sarƙe. Ta bar alkama a tsaye ta kai shi asibitin birni, ta kwana uku a gefen gadonsa. Ba ta gaya wa kowa ba, amma a wajenmu ba sai an faɗa ba. In gida ya shiga halin ciwo lokacin girbi, maƙwabta kan bar nasu su yi masa gayya. Ba a neman izini, don in ka tambayi mutuminmu ko yana son taimako cewa zai yi a'a ko da yana nutsewa. Ana zuwa ne kawai a yi a tafi. Mai gida kuma ba ya hanawa, ba ya doguwar godiya, iyakarsa ya ɗora tukunyar kofi.

Rana ta sittin da uku a kalandar, wajen ƙarfe biyu na rana, Verna ta dawo ɗaukar wa mahaifinta tabarau da kayan sawa. Tun daga nesa ta hango injinan girbi bakwai jere a bakin gonarta. Alkamar duk an kwashe, an zuba a rumbu. Matan coci sun shimfiɗa tebura a inuwar motoci, ga tukwanen taliya da nama, ga burodin dankali. Ta rage gudu don ta samu ta goge ido kafin a gan ta. Sai ta ji ƙarar katafila daga tsakiyar gona.

Abin da ya faru ba wuya a gane. An gama girbi da wuri, ciki ya cika, ga maza goma sha biyu da injina ba aikin yi. Kowa ya san burin tsoho, kowa ya ji cewa jikinsa ya tsananta. Maganar kwana casa'in kuwa sun ɗauke ta irin ta gwamnati ce, wadda in ta ce gobe sai ka jira baɗi. Orlin ya ce me za a jira, ga ƙasa a jibge, ga katafila. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce a dakata ba.

Verna ta keta gonar da mota tana danna oda. Kafin ta isa ramin ya cika fiye da rabi. Ta fito ta tsaya a gaban katafilar, 'yar mace mai furfura da takalmin asibiti, har Orlin ya kashe inji ya leƙo yana murmushi.

Ya ce, "Ke dai ba ki iya zuwa a kan lokaci ba. Da kin ƙara awa guda da kin tarar da shi kamar tebur. Jibi ma tsoho na iya hawa."

Ta ce, "Sauko, Orlin. Duk ƙasar da ka tura yau za ka kwashe ta."

Tun da aka kafa gundumar ba a taɓa jin wanda ya tsayar da gayya ba, balle ya ce a warware. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ɓata rai. Ta yi musu bayani a taƙaice, ta nuna sama da yatsa, ta ce ramin nan ba nata ba ne ba nasu ba, shaida ce da ƙasa ta ajiye wa wata ƙasa. Sai a lokacin jikinsu ya yi sanyi. Orlin ya sauko yana murza hularsa, ya ja ta gefe, ya rage murya. Ya ce to ya ji, za su tono, kafin rana ta faɗi ramin zai koma yadda yake. Amma a bar maganar a nan. Mutum goma sha biyu ne, duk 'yan coci ɗaya, ba mai fitar da ita.

Ta ce waya za ta buga wa sojoji.

Ya ce, "Kina da hankali kuwa? In kika faɗa musu suka ce a sake ƙirge daga farko fa? Ƙarshen Nuwamba ke nan. Ƙasa ta zama ƙarfe. Verna, ni da ke mun san ba zai ga Afrilu ba."

Ta sani. Ba abin da ya faɗa da ba ta riga ta lissafa ba tun tana cikin mota, kuma zuciyarta na gaya mata ta bi shawararsa. Ta kalli ramin, ta kalli sararin sama wanda ko gajimare babu.

Ta ce, "Tun ƙarfe nawa kuka fara?"

"Sha ɗaya."

"Awa uku ke nan. Ka san ko tauraron nasu ya wuce? Ni ban sani ba. In sun ga ramin a cike rana ta sittin da uku kuma ba wanda ya ce musu komai, me za su ɗauka? Akwai wata mace can a Rasha, Orlin, mai gonar alkama da rami irin nawa, kuma abin da ke cikinsa gidana yake kallo. Ina so a fasa nata da gaskiya. Ba zan fara yi musu ƙarya daga nawa ba."

Ta juya ta tafi gida. Ba ta buƙaci duba allon ba, ta haddace lambar tun tana 'yar sha huɗu, ba ta dai taɓa kira ba sai ranar. Ta danna lambar ta gaya musu abin da ya faru. Da ta gama ta ɗora babbar tukunyar kofi, don ko me suka yi gayya suka yi mata.

Kafin Kyaftin Pruitt ta iso, maza goma sha biyu sun duƙufa, katafila na ja da baya, masu shebur na cikin rami gumi na zuba. Ta tsaya ta kalle su, ta kalli teburan abinci, ta ce a shekarunta na soja an koya mata yadda za ta tare maƙiyi, ba a koya mata yadda za ta tare masu kirki ba. Ta ɗauki hotuna, ta rubuta sunan kowa, matan coci suka tilasta mata cin abinci faranti biyu. Ta ce wa Verna maganar ta fi ƙarfinta, za ta hau sama har inda take hawa, daga can a sanar da ɗaya ɓangaren.

Bayan kwana tara Kyaftin ta dawo da kanta, ba ta buga waya ba. An yarda kuskure ne na maƙwabta, ba za a hukunta kowa ba. Amma don kada a bar ƙofar zargi, za a sake ƙirge daga ranar da ramin ya koma a buɗe. Ashirin da ɗaya ga Nuwamba.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, na so in kawo miki wani labarin ba wannan ba."

Verna ta ce ba komai, da ita ce a kujerarsu haka za ta yanke. Sai da motar Kyaftin ta ɓace ta shiga rumbu ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun na Leif.

An sallamo Ingvald a ranar da ta biyo. Ta zaunar da shi a kujerarsa, ta gaya masa komai ba ta rage ba, har da cewa ita ce ta buga wayar alhali an ba ta hanyar yin shiru. Ta shirya wa fushinsa.

Tsohon ya ce, "Ɗan gidan Bakke ne ya tura ƙasar?"

"Shi ne."

"To ai gara da aka tono. Da a karkace zai cike shi." Ya miƙa hannu. "Ba ni kalandar. Sai in ƙara kwana casa'in, ba wani wurin da zan je."

Haka aka yi. Ta nome gonar a watan Oktoba, ta bar wani siririn fili daga titi zuwa ƙarshe wanda ya ratsa ta kan ramin, ba ta taɓa shi ba. Orlin ya koma zama a kujerar baya a coci, in ya hango ta a shago sai ya shiga layin kayan da ba ya buƙata. Sanyi ya sauka a makon farko na Nuwamba kamar yadda ya saba. Ranar zaɓe Verna ta zauna a rumfarta ta tambayi kowa sunansa, har Orlin, wanda ya faɗa mata yana kallon ƙasa. Zaɓen shekarar nan ya sarƙe, aka yi makonni ƙasa ba ta san wanda ya ci ba, ana ta ƙirgen ƙuri'u a wata jiha mai zafi can kudu. Mutane suka dame ta da tambaya ko ƙasar za ta wargaje. Ta ce su je su sha kofi, ƙasar da ta iya jiran rami kwana casa'in za ta iya jiran ƙuri'a. Ita ƙirgen da ke gabanta na jikin bango ne, kuma hannun da ke soke ranakun kullum ƙara rauni yake.

Ran ashirin da ɗaya masu aiki suka zo suka cike ramin, suka naɗe waya, suka cire allon. Washegari Verna ta gwada garma a bakin filin da ta bari. Ƙarfen ya yi ta ƙara a kan ƙasa yana tsalle, ko tsawon yatsa bai shiga ba. Ta kashe inji ta sauko. Ba ta yi nadamar buga wayar ba, amma ta ji nauyinta har cikin ƙashi.

Ranar Asabar dusar ƙanƙara ta sauka, ta kai idon sawu. Da safiyar Lahadi Verna ta tsaya a taga da kofi a hannu tana kallon gonar, fara fat daga titi har inda ido ya tsaya, ba waya ba allo. Ta ga inda motar mai kawo jarida ta juya a bakin hanya ta bar baƙin sawu. Ta ajiye kofin, ta je ta tayar da tarakta. Garma ba za ta shiga ƙasa ba, amma za ta tsaga ƙanƙara ta fito da baƙin da ke ƙarƙashi.

Ba ta je coci ba ranar, kuma wannan kaɗai ya isa sanarwa. Kafin ta gama naɗe tsohon da barguna ta ɗora shi a kujerar tuƙi, motocin yawon Lahadi sun jeru a bakin titi. Ta tsaya a gefensa a cikin rumfar taraktar. Ingvald ya kama sitiyari, ya ɗaga ido yana neman bishiyarsa. Guguwar ƙanƙara ta kayar da ita shekara uku da suka wuce, ya sani, ya dai manta. Gabansa ba komai sai fari, sama da ƙasa sun haɗe. Ya saki birki ya tafi yana kallon gaban taya.

Rabin farko ya tafi daidai. Da suka iso inda wayar take a da, Verna ta ga hannayensa sun juya hagu da kansu. Taraktar ta kauce, ta zagaye wurin da ba komai a cikinsa, ta dawo kan hanya. Bai ma san ya yi ba sai da suka kai ƙarshe ta juyo da su, ya ga baƙin layi a kan fari da ƙaton ciki a tsakiya. Ya yi ta kallonsa, leɓensa na motsi. A bakin titi mutane sun fara kau da kai, irin kau da kan nan na shekara talatin da biyar.

Suna dawowa bakin titi Orlin ya fito daga jar motarsa ya tako har gindin taraktar.

Ya ce, "Baba Ingvald, wannan ai layina ne ka sata. Ko ni na fi haka in na yi barci sosai."

Tsohon ya juyo ya harare shi, jini ya dawo masa fuska.

Ya ce, "Je ka can ƙarshe ka tsaya, ɗan Bakke. Yau dai ka yi amfani."

Orlin bai jira a maimaita ba. Ya bi hanyar gefen gona da jar motar, ya kai ta can ƙarshe, ya juyo da ita ya kunna fitilu, ya hau bayanta ya tsaya ƙiƙam. Verna ta matsar da taraktar taku kaɗan zuwa inda ƙanƙara ba ta taɓu ba, ta sauke garma.

Ta ce, "Kada ka kalli taya, Baba. Ka riƙe shi da ido."

Ya ce, "Wa ya koya miki?"

Suka tafi. Verna ta sa hannayenta a aljihu don kada su kai ga sitiyari. Da suka doshi tsakiya ta ga kafaɗarsa ta motsa, yatsunsa suka ƙanƙame, amma idonsa bai bar jan ɗigon nan ba. Taraktar ta ɗan yi tsalle a kan sabuwar ƙasar da aka cike, ta wuce ta kan inda Baƙo ya kwana shekara talatin da uku, ta ci gaba. Bai tsaya ba sai da Orlin ya fara ɗaga hannu yana ja da baya a kan motarsa.

Ta taimaka masa ya juya a kujera. Layin na nan baƙi wuluk, daga bakin titi har ƙarƙashin tayarsu, kamar an ja shi da zare. Can nesa motoci suka fara danna oda, abin da mutanenmu ba sa yi ko a ɗaurin aure. Ingvald bai kula su ba. Ya duba layin daga farko har ƙarshe yana neman aibu, bai samu ba. Sannan ya goge gilashin da safar hannunsa, ya ɗaga kai sama inda taurarin Rasha ke wucewa.

Ya ce, "To. Yanzu sai su ɗauki hoton."